Asibitin Bayan Hayin Banki

Na san abin da aka gaya muku game da shekarar da na bar aiki, domin ni ma an gaya mini, a gidan suna a Badarawa, daga bakin wata mata da ba ta san ni ce ba. Ta ce ai Hajiya Binta ta sashen horaswa iska ce ta shafe ta a wani kango, ta dawo tana sambatu, gwamnati ta rufa mata asiri ta sallame ta. Na ce Allah sarki, Allah Ya ba ta lafiya, na ci gaba da cin wainata. Ke Safiya kina aji uku na sakandare a lokacin, kai Mubarak kana firamare, kuma na lura har yau in zancen ya taso sai ku kalli juna ku sako wata magana. To ku zauna ku karanta. Ban yi hauka ba. Abin da na yi ya fi hauka muni, kuma na yi shi da hankalina garau, shekaru kafin wannan ranar.

Aikina shi ne koya wa manya yadda ake tsara aiki. A tara mini daraktoci da mataimakansu, masu furfura da tumbi, a wani zaure a Abakpa na kwana biyar, in nuna musu yadda ake ɗaukar kwangila a yanka ta gunduwa-gunduwa: wannan zai ci mako uku, wancan ba zai fara ba sai wannan ya ƙare, kuɗi kaza za su fita a wata kaza, kuma kada a saki kashi na biyu sai an ga aikin na farko a ƙasa. Ina da babban jadawali da nake kafawa a allo, kowane aiki da layinsa a kwance. Alƙaluma uku nake raba wa kowa: kore in aiki na tafiya daidai, ruwan ɗorawa in ya fara jan ƙafa, ja in ya tsaya. Ranar ƙarshe in an tattara kaya, sai in tarar koren ya ƙare ƙaf, ruwan ɗorawan an ɗan taɓa shi, jan kuwa ya dawo mini ko murfinsa ba a cire ba. Na san dalili sarai. A irin aikinmu ƙaramin ma'aikaci ba ya aika wa na gaba da shi jan layi, kamar ka shiga ofishin oga ne ka ce masa ya gaza. Shi ya sa rahoto in ya taso daga wurin aiki yana cewa an tsaya, a tebur na farko sai ya zama ana kan aiki, a na biyu ya zama an kusa gamawa, in ya iso sama a tarar an gama. Ba wanda ya shirga babbar ƙarya. Kowa ɗan gyara ya yi don ladabi, ni kuma ina ba da wannan labarin a aji ana dariya.

Abin da nake taƙama da shi a kowace bita shi ne wani ƙaramin asibitin haihuwa a bayan Hayin Banki. Ni na zana jadawalinsa da hannuna tun ina sashen tsare-tsare, kafin a mayar da ni horaswa. Wata goma sha huɗu aka ɗiba masa. Duk ƙarshen wata rahoto ya iso tebur ɗina da sa hannu uku da hatimi, in shafa kore, har layin ƙarshe ya cika a daidai makon da na rubuta, kwabo bai haura kan kasafi ba. Ni na rubuta rahoton rufewa, ni na sa hannu a ƙasa. Aka ba ni takardar yabo, babanku ya sa aka yi mata gilashi ya rataye a falo. Ban taɓa zuwa wurin ba. Daga ofishinmu zuwa can bai kai rabin awa ba ko da cunkoso a Kawo, amma zuwa duba gini aikin injiniyoyi ne, ni tawa takarda ce, takardar kuma ta yi kyau. Shekara shida ina ɗaga wannan jadawalin a gaban manyan mutane ina ce musu ga yadda ake aiki.

A bitar da muka yi da daminar shekarar da na bar aiki akwai wata mata, Hajiya Talatu, tsohuwar ungozoma ce da ta kai mataimakiyar darakta gab da ritaya. Can baya take zama, ba ta tambaya, ba ta rubutu. Ran da na ɗaga jadawalin asibitin na ga ta cire tabarau ta zuba mini ido har na gama. Da aka fita sallar azahar ta same ni ina alwala a bayan zauren.

"Malama, wannan asibitin naki, kin taɓa shiga cikinsa?"

Na ce ban samu zuwa ba, amma duk takardunsa suna hannuna.

"Ƙanwata a layin take aure," in ji ta. "Ki je ki gani. Ki sa takalmin da ba kya ji da shi."

Haushi ya kama ni, don na tsani a yi mini gyara a cikin aikina, kun dai san halina. Na ƙudurta zan je in ɗauko hotuna in watsa mata su a ido. Ranar Asabar da hantsi na ɗauki motar babanku ni kaɗai. A bakin babban titi na ga allon asibitin, fenti sabo fil, da kibiya tana nuna ciki, har na yi murmushi. Na bi layin, na wuce masu gawayi, na wuce mai niƙa da injinsa ke ta ƙara, na wuce shagunan tireda. Layin ya ƙare a wani fili. Ina kashe mota sai na ji shiru ya rufe ni, ƙarar injin niƙan da na bari a baya kaɗan kamar an danne ta da filo. Ciyawa ce har ƙugu. A tsakiyarta ga allo na biyu, shi ma sabon fenti, a bayansa kuma bulo jere-jere, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, ya zana ɗakuna da baranda da dogon lungu. Abin da ya tayar mini da tsigar jiki shi ne cikin ɗakunan. An share su tas, babu ko tsinken ciyawa, ga sawun tsintsiya a ƙasa layi-layi. Awaki suna kiwo a gefe, amma ba wadda ta tsallaka bulon nan.

Wani tsoho ya taso daga benci a gindin dogon yaro, yana sauri yana gyara hula. Bai kalli fuskata ba tukuna, cikina ya kalla, sannan ya leƙa bayan mota.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ba haihuwa ba ce dai ko?"

Na ce a'a, daga ma'aikata nake. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce sunansa Malam Ilu, shi ne maigadin asibiti, tun ran da aka haƙa tushe aka ɗauke shi, kuma ni ce ta farko da ta zo daga ofis tun da masu gini suka kwashe kayansu. Ya ce in zo ya zaga da ni. Na bi shi kamar wadda aka ɗaure da igiya. Ya shiga ta inda aka bar gibin ƙofa, ya nuna mini nan ne wurin karɓar kati, nan ɗakin magani, nan ɗakin ma'aikatan jinya, duk yadda shugaban magina ya gaya masa a ranar farko. Da na gaji da kewaye na ɗaga ƙafa zan tsallake bulo in yanke hanya, sai ya tsaya cak.

"Hajiya, nan bango ne. Ga ƙofa can."

Wallahi na mayar da ƙafata na bi ta ƙofar. A ɗaki na ƙarshe ya cire takalmansa ya ajiye a waje kafin ya shiga. Akwai tsohuwar tabarma a naɗe a kusurwa, da buta. Na san ɗakin, don ni na ba shi mako biyar a jadawali, har da tayil da fanfo. Ɗakin haihuwa ne. Na tambaye shi me ya sa yake share wurin da ba kowa.

"'Yan unguwa sun san babu komai," in ji shi. "Amma baƙi ba su sani ba. Wanda ya tare sabon haya, ko wanda ya sauka a tashar Kawo daga ƙauye, sai a duba takarda a ce masa ga asibiti mafi kusa. Ko ya ga allo a titi ya biyo kibiya. Shekara ta biyu da zamana, ranar wata Laraba na tafi kasuwa sayen goro. Kafin in dawo an kawo wata, mai mota ya sauke su a bakin ciyawa ya juya, yana zaton ginin na can ciki. Mijin ya ruga neman wata motar. Na same ta a nan, nan ɗin nan, ban san yadda aka yi ta gane ɗakin ba. Matan layi suka kawo zannuwa suka kare ta. Jini ya ƙi tsayawa. Yaron ma kwana biyu ya yi ya bi ta. Tun ranar ban ƙara barin wurin nan da rana tsaka ba, Hajiya. In na ji mota sai in tare ta tun daga bakin layi."

Muna tsaye na ji kukan jariri, siriri, ba nesa ba. Na waiga, gida mafi kusa yana can ƙetaren fili. Malam Ilu bai ko ɗaga kai ba, ya ce daga cikin unguwa ne, haka iska ke kawo shi. Babu iska a ranar, ko ganyen dogon yaro ba ya motsi. Ban ce muku aljani na ji ba, kuma ban ce muku ba shi ba ne. Abin da na sani shi ne tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba tsoron wurin ba ne, tsoron hannuna ne da ya shafa wa wurin nan kore. Na koma mota ban ɗauki hoto ko ɗaya ba.

Ranar Litinin na sa aka fito mini da fayil. Rahoto bai daina zuwa ba. Duk bayan wata uku ga takarda cewa asibiti na cikin kyakkyawan yanayi, duk shekara ga takardar an yi masa fenti, wato allunan nan biyu. Injiniyan da sunansa ke ƙasan takardar ƙarshe kuwa, da ƙafata na je gaisuwar rasuwarsa shekara biyu kafin nan. Akawun ofis ya ce mini ai ba wani abu ba ne, hatiminsa na cikin durowa, fom ɗin baya suke kwafa, tunda ba a turo musu sunan wanda ya gaje shi ba. Na ɗauki fayil na shiga wurin daraktana. Ya saurare ni har ƙarshe, mutumin kirki ne, ya sa aka kawo mini shayi. Sannan ya buɗe shafin rahoton rufewa ya juyo mini shi.

"Hajiya, wannan sa hannun waye?"

Na ce nawa ne.

"To ki je ki huta. Saura shekara huɗu ki yi ritaya da mutuncinki."

A gida ma ban samu mai goya mini baya ba. Babanku, Allah Ya jiƙansa, ba mugu ba ne, amma ɗan aikin gwamnati ne tun daga hula har takalmi. Ya ce ɗan kwangilar ya daɗe da barin gari, waɗanda suka sa hannu wasu sun mutu wasu sun zama manya, ni kaɗai ce a tsakiya mai sauƙin kamawa.

"Binta, ba ke kika ci ba, ba ke kika binne ba. Ki cire misalin daga darasinki, ki sa wani, shi ke nan. Gidan nan na gwamnati ne, da sunanki aka ba mu. In kika tayar da ƙura ina za mu kai yara?"

Inna, mahaifiyata, tana zaune da mu a lokacin. Ita abin da ya dame ta daban ne. Ta ga na daina cin abinci, ta ga ina tsayawa a bakin ƙofar ɗaki ina kallon bango.

"'Yar nan, wa ya aike ki kango da rana tsaka? Ko sallama kin yi kafin ki shiga? Ki bari a kira malam ya yi miki tofi."

Na bari aka yi tofin, don kwanciyar hankalinta. Daga nan ne zancen iska ya fara fita, daga cikin gidanmu, ba daga bakin maƙiya ba. Na kuma gwada shawarar babanku. A bita ta gaba na bar jadawalin asibitin a gida, na hau koyarwa. Ina cikin cewa kada a saki kashi na biyu sai an ga aikin na farko a ƙasa, sai muryata ta ɗauke. Na tsaya da alƙalami a hannu, manya ashirin suna kallona, ni kuwa ba abin da nake gani sai sawun tsintsiya. Ranar na gane ba zan iya koyar da wannan darasin ba kuma, ko da wane misali, muddin wurin nan yana can kuma sunana yana ƙasan takardarsa.

A tsarin kowace bita akwai rabin yini na ziyarar gani da ido. Shekara da shekaru muna mayar da shi cin abincin rana a otal, kowa ya fi son haka. Wannan karon na ɗauko bas. Ranar Alhamis na kafa jadawalin asibitin a allo, na yi musu bayaninsa tiryan-tiryan kamar yadda na saba, suka tafa. Na ce to mu je mu gan shi. Babban sakatare da kansa ya zo rufe taro, shi ma ya shiga gaba. Ban gaya wa kowa komai ba har bas ta tsaya a bakin ciyawa. Malam Ilu ya rugo yana ɗaga hannu, da ya ga manyan riguna suna saukowa sai ya tsaya ya gyara hula. Na ce masa ya zaga da baƙi. Ya yi musu yadda ya yi mini, ɗaki bayan ɗaki. Daraktoci ashirin suka jeru a lungun da ba rufi, suna tattare babbar riga, kowa na bi ta ƙofa, ba wanda ya tsallake bulo. A ɗakin ƙarshe na ga mutum biyu sun cire takalma. Da ya gama labarin matar sai na ce musu ni na zana jadawalin nan, ni na shafa masa kore wata goma sha huɗu, ni na sa hannu cewa an gama, ban taɓa taka wurin ba sai bana, kuma duk wanda ya zauna a ajina cikin shekara shida da wannan kangon na koyar da shi.

Muka koma bas. Da muka wuce masu gawayi sai wani daga baya ya tambayi na kusa da shi ko ya ji yadda raguna suka yi tsada bana, hira ta ɓarke. Babban sakatare bai ƙara kallon inda nake ba.

Mako biyu bayan nan takarda ta zo, an ba ni hutun jinya da ban nema ba. Bayan wata uku wata ta biyo, an amince da ritayata bisa dalilin lafiya. Ba a tuhume ni ba, ba a tuhumi kowa ba. Mutanen da suka tsaya a lungun nan, in an tambaye su sai su ce ai Hajiya ba ta da lafiya a ranar, ta kai su wani fili tana ta magana. Gyara ɗaya tak aka yi a fayil. Tunda an tabbatar babu gini, aka ce babu dalilin biyan maigadi, aka sallami Malam Ilu. An tumɓuke allon cikin fili, na bakin titi kuma aka daina yi masa fenti. Sunan asibitin bai fita daga jerin asibitoci ba, don fitar da shi sai wani ya rubuta cewa ba a gina ba, ya sa hannu. Wannan shi ne duk abin da gaskiyata ta haifar, kuma na yi kuka a kansa fiye da yadda na yi a kan aikina.

Na je na sami Malam Ilu yana ɗaure tabarmarsa da buta, ɗansa zai zo ya mayar da shi ƙauye. Na roƙe shi gafara. Bai yi fushi ba, da ma ya yi.

"Ni ba komai, Hajiya, na tsufa. Amma yanzu in an kawo wata, wa zai tare su?"

Kun sha tambayata me ya sa da aka karɓe gidan gwamnati ban sayi wanda babanku ya samo mana a Badarawa ba, na nace sai wannan, a ƙarshen layi, nesa da makarantarku, inda kuka yi shekaru kuna jin kunyar kawo abokai. Babanku ya yi wata guda ba ya yi mini magana sai gaisuwa. Ke Safiya kin ce mini na lalata muku rayuwa, kuma ban ga laifinki ba. Tagar falon nan tana kallon filin, shi ne dalili, ba wani. Shekarun nan duka ba na zuwa biki in wuni, ba na barcin rana, in zan je kasuwa sai na bar wa maƙwabciya sallahu. Kun ɗauka duk cikin ciwon ne.

Na yi zaton abin zai mutu da kansa in allon titi ya goge. Ya goge, sai kuma waya ta zo. Wani ya kwashi jerin asibitocin nan ya zuba a taswirar da ke cikin waya, yanzu ita ke kawo su har bakin ciyawa. A watan jiya ina tsakiyar cin tuwo na ji keke mai ƙafa uku ya tsaya. Na fito ko mayafi ban ɗauka ba. Wani saurayi ne da matarsa a baya, ta riƙe ƙarfen keken tana cije leɓe. Na ce kada su sauke ta, su juya su yi babban asibiti. Ya miƙo mini wayar yana rantsuwa ga shi nan an rubuta, har da lokacin buɗewa. Sai da na daka masa tsawa irin wadda nake daka wa daraktoci sannan ya koma ciki. Bayan kwana bakwai suka aiko mini da goron suna, mace aka samu.

Na ji kuna shawara a tsakaninku cewa in ta Allah ta kasance za ku sayar da gidan nan, ko ku kulle shi har unguwar ta yi daraja. Gidanku ne, ba zan tashi daga kabari in hana ku ba. Amma ina roƙonku kada ku bar shi babu kowa ko na mako ɗaya. Ku ba wanda yake wuni a gida, wanda in ya ji tsayawar keke zai fito ko da loma a bakinsa. In ya ce muku ba shi da kuɗin haya, ku bar shi ya zauna.